Allon mota, na'urar GPS ko taswirar waya: da wanne kuke dogara a doguwar tafiya?

Dogon Zango:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Motata tana da allo mai taswira tun daga kamfani, amma taswirar ta tsufa. Makon jiya na hau wani sabon titi da aka buɗe, sai kibiyar ta nuna wai ina gudu a tsakiyar fili, muryar kuma ta dame ni da in juya in koma. Yanzu aikina ya koma na yawan tafiya, wani lokaci awa shida ko bakwai ina kan hanya, kuma akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa ɗif. Abu uku ne a gabana: in biya a sabunta taswirar motar, in sayi na'urar GPS mai zaman kanta irin su Garmin ko TomTom, ko in haƙura da duka in dogara da waya. Waɗanda suka gwada, don Allah a ba ni haske.

Ɗan Waya:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai kada ka wahalar da aljihunka. Sayi mariƙin waya mai ƙarfi da kebul mai kyau, shi ke nan. Tun 2009 da Google ya saki jagorar hanya mai murya kyauta a Android kasuwar waɗancan na'urori ta fara mutuwa. Taswirar waya kullum sabunta ta ake yi, tana nuna maka cunkoso, tana gaya maka inda aka rufe hanya. Me na'ura za ta ba ka da ya fi wannan?

Tsohon Direba:
Ɗana, da ganin amsarka cikin gari kake tuƙi. Mutum ya ce maka sabis na ɗaukewa, kai kana maganar cunkoso. Ni na ga abin da waya ke yi idan ta yi awa uku a jikin gilashin gaba, rana na dukanta, caji na shiga, allo a kunne. Da farko hasken allon zai ragu har ka daina gani, sai caji ya tsaya, sai ta rubuto maka cewa ta yi zafi a bar ta ta huce. A ina? Daidai marabar hanyar da ba ka sani ba. Na'urata tana nan shekara da shekaru, aikinta ɗaya ne, ba wanda zai kira ta, ba saƙon da zai rufe mata fuska.

Ɗan Waya:
Baba ai wannan laifin wurin ajiya ne, ba na waya ba. A maƙala ta a bakin iskar AC, a rabu da gilashi.

Tsohon Direba:
In kuma AC ɗin ba ya yi fa? Ko ranar sanyi da ka kunna hita yana hura mata zafi?

Injiniya:
Bari in shigo, domin na ga an fara cakuɗa abu biyu, kuma cakuɗa su shi ne ke sa mutane sayen abin da ba sa buƙata. Sanin inda kake daban, taswira daban.

Sanin inda kake ba ya buƙatar data ko layin waya ko kaɗan. Duk ukun nan, allon mota da na'ura da waya, taurarin ɗan'adam iri ɗaya suke saurare. Na GPS mallakar Amurka ne, suna shawagi kimanin kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a rana, kowanne ɗauke da agogo mai matuƙar daidaito. Abin da tauraron ke yi kawai shi ne shela: ga ni a wuri kaza, ƙarfe kaza. Na'urarka ba ta mayar masa da komai, ji kawai take yi. Tana auna tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, ta mayar da shi nisa. Taurari huɗu take buƙata: uku don wuri, na huɗun don gyara agogonta, saboda agogon cikin waya ba ya kusa da na tauraro, kuma kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ya isa ya jefa ka mita 300 daga inda kake.

Don haka idan sabis ya ɗauke, wayarka ta san inda take sarai. Abin da ta rasa shi ne hoton titunan da za ta ɗora ɗigon da ke nuna inda kake a kai. In ka sauke taswirar yankin tun kana gida, magana ta ƙare. Google Maps na da wannan, Apple Maps ya samu daga iOS 17 a 2023, akwai kuma irin su OsmAnd da Organic Maps da HERE WeGo da za ka sauke ƙasa guda sukutum.

Dogon Zango:
Injiniya na gode, wallahi ban taɓa raba su haka ba. To amma me ya sa idan babu sabis wayar ke daɗewa kafin ɗigon ya tsaya? Na sha ganin haka.

Injiniya:
Tambaya mai kyau. Kafin na'ura ta yi lissafi sai ta san inda kowane tauraro yake a sama a wannan lokacin. Tauraron da kansa yana aiko da wannan bayani, amma a hankali ƙwarai, bit 50 kacal a daƙiƙa. Bayanin tauraro ɗaya yana cin kusan daƙiƙa 30 in sama a buɗe take, cikakken jadawalin dukkansu kuwa minti 12 da rabi. Idan akwai sabis, waya na ɗauko wannan jadawali ta intanet nan take, shi ake kira A-GPS, tana kuma leƙa turakun sadarwa da Wi-Fi na kusa ta kintaci wurin. In babu sabis sai ta koma jira kamar kowa. Na'urar Baba ma haka take yi in ta daɗe a kashe ko aka kunna ta nesa da inda aka kashe ta. Maganin shi ne ka kunna jagorar tun kafin ka tayar da mota, ka bar ta ta kama.

Mai Tirela:
Duk na karanta, kuma duk masu ƙananan motoci ne ke magana. Ni ina jan dogon kaya, kuma ina faɗa da babbar murya: wanda ke tuƙa babbar mota ya bi manhajar da aka yi wa ƙananan motoci yana wasa da ransa da na mutane. Sau ɗaya na yarda da wata manhaja da dare, ta karkatar da ni wai don in kauce wa cunkoso. Na tsinci kaina gaban wata gada da jirgin ƙasa ke bi ta samanta, fitilata ta haska allon tsayi, na duba na ga kayana sun fi ta. Titi siriri, gidaje hagu da dama, babu wurin juyawa. Da ribas na fita, yaron mota yana baya da tocila yana ba ni hannu, fiye da rabin awa, gumi har cikin takalmi. Manhajar ba ta yi ƙarya ba, hanya ce, amma ba tawa ba.

Na'urorin manyan motoci, kamar jerin dēzl na Garmin, tun farko za su tambaye ka tsayi, faɗi, tsawo, nauyi da irin kayan da ka ɗauko, su zana hanya da wannan. Manhajojin Google Maps da Waze na kowa da kowa ba sa tambayar tsayin motarka. Wannan kaɗai ya ishe ni hujja.

Ɗan Waya:
Oga Mai Tirela na yarda da kai a kan manhajojin gama-gari. Amma akwai manhajojin waya na manyan motoci, Sygic na da nasa, TomTom ma yana da shi. Ka ga ba akwatin ba ne, abin da ke cikinsa ne.

Mai Tirela:
Haka ne, na san su. Amma ni wayata ofis ce. Mai kaya na kira, ofis na kira, iyali na kira. Allo mai faɗi da ke tsaye wuri ɗaya yana nuna mini layin da zan shiga tun da sauran nisa ya fi mini kwanciyar hankali. Kuma ko na'urar ma ba na ba ta amana ɗari bisa ɗari, allon da ke jikin gada shi ne alƙali.

Ɗalibar Safiyo:
Ina son in tsaya a kan maganar Mai Tirela ta ƙarshe, domin a nan gizo ke saƙa. Na'urar da ke tambayar tsayin mota ba ta da amfani in ba a shigar da tsayin gadar a taswirar ba. Wani ne zai je ya auna ko ya ɗauko daga hukuma ya rubuta. A ƙasashen da aka yi wannan aiki sosai na'urar abin dogaro ce, inda ba a yi ba kuwa tambayar ado ce kawai.

Mutane na ɗauka kowane kamfani da taswirarsa, alhali masu yin ta 'yan kaɗan ne. Akwai HERE, wanda tushensa Navteq ne da Nokia ta saya, daga baya a 2015 Audi da BMW da Daimler suka haɗu suka saye shi. Akwai TomTom na ƙasar Holan da ya sayi Tele Atlas a 2008. Akwai Google da motocinsa masu kyamara da rahoton masu amfani. Sai OpenStreetMap da aka fara a Ingila a 2004, wanda 'yan sa-kai ke zanawa, kowa na iya gyarawa. Allon mota da na'urori da yawa daga biyun farko suke sayen taswira. Kuma babu ɗaya da ya fi sauran a ko'ina. Akwai yankin da Google ya fi, akwai ƙauyen da hanyar burjinsa sai a OpenStreetMap za ka same ta saboda wani ɗan garin ya zauna ya zana ta da hannunsa.

Shawarata ga Malam Dogon Zango: kafin ka biya ko sisi, ka zaɓi wurare biyar da ka sani kamar tafin hannunka a hanyoyin da kake bi, har da sabon titin nan, ka duba su a kowace taswira. Wadda ta san su ita ce taka. Kuma ka tambayi dila shekarar taswirar da zai sa maka, domin sabuwa a wurinsu tana iya zama ta bara ko ta bara waccan.

Dogon Zango:
Malama wannan gwajin zan yi shi yau da dare in sha Allah. Ban ma san ana iya tambayar shekarar ba.

Makaniken Waya-Waya:
Ana iya, kuma a cikin saitin allon ma za ka ga lambar taswirar da ke kai yanzu. Ƙari a kan maganar Malama: motar da aka ƙera don wata nahiya tana zuwa da taswirar can, wani lokaci kuma kamfanin bai taɓa fitar da ta ƙasar da motar ta ƙare ba. Haka na'urar hannu, a duba wane yanki ke cikinta kafin a saya. Kuma ina roƙon mutane su daina kai mota wurin masu cusa taswirar sata ta kati. Na karɓi allo fiye da ɗaya da ya mutu a tsakiyar irin wannan aiki, kuma a motocin yanzu allon ne ke riƙe da kyamarar baya da saitin AC.

Amma ina ganin an yi wa allon mota rashin adalci a zauren nan, kowa na dukansa. Yana da abin da sauran biyun ba su da shi. Na farko eriyarsa tana kan rufi, tana kallon sama kai tsaye, ba a ƙarƙashin ƙarfe ba. Akwai ma motocin da gilashin gabansu ke da siririn rufi na ƙarfe don tare zafi, wannan gilashi yana raunana siginar duk abin da ke ciki. Na biyu, allon yana jin tayoyi. Yana karɓar gudun taya daga na'urorin da birkin ABS ke amfani da su, yana da abin auna juyawa, ya san ka sa ribas. Shiga dogon ramin da aka huda ƙarƙashin dutse ko wurin ajiye motoci na ƙarƙashin bene, tauraro ya ɓace, amma kibiyar na ci gaba da tafiya daidai, har kwana tana sha da kai. Waya a nan kintace take yi da gudun da ta gani na ƙarshe, in ramin na da rassa a ciki sai ta rikice.

Wannan dabara ma ta girmi GPS a mota. A 1981 Honda ta fitar da Electro Gyrocator a Japan, babu tauraro ko ɗaya, nisan da taya ta yi da juyawar mota kawai yake lissafawa, taswirar kuma a kan leda mai haske ake ɗora ta a fuskar allo.

Maman Biyu:
Ni tawa damuwar daban ce, kuma ban ga wanda ya taɓo ta ba. Ina tuƙi da yara a baya. Abin da na fi tsoro shi ne hannu da ido su bar hanya. A gudun kilomita 100 a awa, daƙiƙa biyu da za ka kalli allo ka wuce fiye da mita 55 ido a rufe. Na taɓa ganin mariƙin waya ya saki a kan wani tudun rage gudu, wayar ta faɗa ƙarƙashin feda, direban kuma ya sunkuya yana laluben ta mota na tafiya. Tun ranar na ce ba ni ba abin da ake liƙawa da roba a gilashi, waya ce ko na'ura.

Abin da ya raba mini gardama shi ne Android Auto, tsarin da ke haɗa waya da allon mota, masu iPhone kuma CarPlay. Wayar tana cikin aljihun mota a inuwa, kebul a jiki, taswirarta na fitowa a allon motar, murya ta lasifika, ina faɗin inda za ni da baki. Malam Dogon Zango, ka duba ko motarka tana karɓa. CarPlay ya fito a 2014, Android Auto a 2015, in motar ta biyo bayan nan akwai yiwuwar tana da shi ba ka sani ba.

Makaniken Waya-Waya:
Hajiya ta kawo magana. Kuma a motoci da yawa, in aka haɗa su haka, motar na miƙa wa wayar bayanin eriyar rufi da gudun taya. Ka ga an haɗa sabuwar taswira da kunnen mota. In motar ba ta karɓa, ana iya canza allon da wanda ke karɓa, amma a samu mai aikin da ya san wayoyin sitiyari da na kyamara.

Tsohon Direba:
Hajiya, Allah ya raya yaran. Amma har yanzu duk ƙwanku a kwando ɗaya yake. Wayar ta faɗi ta fashe a wurin shan mai, ko a sace ta, ko batirin ya kumbura. Ka rasa taswira, ka rasa hanyar kiran taimako, lokaci guda, a dajin da ba ka san kowa ba. Ni ba na jayayya cewa taswirar waya ta fi sabunta. Ina cewa mai tafiyar awa bakwai bai kamata abu ɗaya ya riƙe masa komai ba.

Injiniya:
A nan ina bayan Baba ɗari bisa ɗari. Inda muka rabu shi ne ko na biyun dole sai an saye shi sabo. Tsohuwar wayar da ke cikin durowa, ko babu layi a kanta, in aka sa mata taswirar da aka sauke, ta zama na'urar GPS. Sai dai a kiyaye, kada a bar ta cikin mota a rana. Apple da kansa ya ce iPhone an yi ta ne ta yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35 na Celsius, kuma dashbod ɗin motar da aka rufe da rana yana wuce haka nesa ba kusa ba. Na'urar hannu ma batirin lithium ne a cikinta, ita ma zafi na cin ta, sai dai ita da wutar mota take aiki, ko batirin ya mutu tana kunnuwa.

Ta fuskar daidaito kuwa, kada kowa ya ɗauka na'ura ta fi waya don sunanta GPS. Wayoyin yanzu suna jin GPS, suna jin GLONASS na Rasha, Galileo na Tarayyar Turai da BeiDou na Sin a lokaci guda, wasu ma suna karɓar sigina iri biyu daga tauraro ɗaya, abin da ke rage ruɗin da dogayen gine-gine ke jawowa idan sigina ta bugi bango ta dawo. Tsohuwar na'ura mai jin GPS kaɗai ba za ta kamo su ba a tsakiyar birni. A fili kuwa duk suna cikin 'yan mitoci, tun watan Mayun 2000 da gwamnatin Amurka ta daina dagula siginar farar hula da gangan. Kafin nan kuskuren yana iya kai mita 100.

Mai Lura:
Tambaya ɗaya ga masu yabon nuna cunkoso: kun san daga ina bayanin ke zuwa? Daga wayoyinku. Jan layin da kake gani a titi wayoyin mutanen da suka maƙale a wurin ne ke aika gudunsu. Kai ma kana aikawa. Na'urar da ba a haɗa da komai ba ba ta gaya wa kowa inda ka kwana.

Ɗan Waya:
Na sani, kuma na yarda da cinikin. Waze gaba ɗayansa a kan haka aka gina shi, direbobi na gaya wa juna haɗari da rami da rufe hanya, shi ya sa Google ya saye shi a 2013. Wanda ba ya so ya kashe tarihin wurare ko ya koma OsmAnd. Amma kada ka ɗauka sabuwar mota ba ta aikawa, da yawansu da layinsu a ciki.

Mai Lura:
Wannan gaskiya ne, kuma ita motar kashe nata ya fi wuya.

Ɗalibar Safiyo:
Ƙaramin gyara don kada Malam ya sha mamaki a hanya: Waze ba a yi shi don aiki babu sabis ba. Kuma taswirar Google da aka sauke tana ba da hanyar mota ne kawai, babu cunkoso, tana kuma da wa'adi, in ba a sabunta ta ba tana ƙarewa. A duba ta daren tafiya, ba a bakin hanya ba.

Dogon Zango:
Na dawo da rahoto. Na yi gwajin Malama da wurare biyar. Allon motata ya san uku. Manhajar da nake amfani da ita a waya ta san huɗu har da sabon titin, amma ta rasa wata hanyar burji da nake yankewa ta ciki. Ita kuma na same ta a Organic Maps, har da ƙaramar gadar da ke kanta. Na kira dila, taswirar da suke da ita an haɗa ta ne kafin a buɗe titin, don haka biyan ba zai magance abin da ya kawo ni ba, na fasa.

Hajiya, kin yi gaskiya, motar tana karɓar Android Auto. Shekara biyu ina cusa kebul a ramin caji na baya, ashe na gaba mai alamar waya shi ne na haɗawa. Baba, na ji maganarka, na fito da tsohuwar wayata na cika ta da taswira, za ta zauna a jakata ba a mota ba. Taswirar allon kuma na bar ta yadda take saboda manyan hanyoyi.

Saura abu ɗaya. Tun da na haɗa, sau biyu allon yana yankewa in na taka gargada, sai ya dawo bayan 'yan daƙiƙu. Kebul ne ko ramin?

Makaniken Waya-Waya:
Fara da kebul. Samu gajere, wanda bai wuce mita ɗaya ba, mai ɗaukar data ba caji kaɗai ba. Sannan ka haska ramin wayar da tocila, in ka ga auduga ta taru a ciki ka kashe wayar ka zaƙulo ta a hankali da tsinken roba, ban da allura. In ya ci gaba bayan wannan, ka gwada da wata wayar ka faɗa mini abin da ya faru.